Shekarar da Na Ajiye Aska

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi. Ya fi na baya nauyi a wurina, don akwai haƙƙin mutum a cikinsa. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kuna jin labari iri biyu a kan tabon da ke wuyan hannuna na dama. Na farko, cewa na gudu daga asibiti har na bar takalmina. Gudun gaskiya ne, amma hula na bari, ba takalmi ba. Na biyu, cewa Bawa Wanzami ne ya jefe ni don ya gaje gidajen da nake yi wa aski. Wannan ƙarya ce, kuma ni na ba ta wurin zama. Bawa ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kare kansa, don haka ku ji yadda abin ya kasance daga wurina.

A Gwandu aka haife ni, a gidan wanzanci, kuma a hannun mahaifina na koyi riƙon aska. Da ya rasu, yayyena maza biyu sun ishi unguwarmu, sai na rataya zabira na taho Kalgo da mahaifiyarku Kulu, tana goyon Aliyu. Na iske Bawa a bakin kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, shi ɗan gari ne kuma kowa nasa. Na kafa rumfata a gefen tasa. Mutane suka zuba ido su ga ranar da za mu ba hammata iska, ranar ba ta zo ba. Abin da ya shiga tsakaninmu tsiya ce kawai, kullum da safe kafin mu shimfiɗa tabarma. Bai taɓa kirana Umaru ba, sai Na Gwandu, kuma bai taɓa yarda cewa askata na da kaifi ba. Ya ce da ita matan Gwandu ke feren kabewa. Ni kuma ina ce masa duk wanda ya tashi daga gabansa da kunne biyu ya je ya yi sadaka. Haka muka yi shekaru har gemunmu ya fara fari, shi da gidajensa, ni da nawa, in aiki ya yi wa ɗaya yawa ya yafito ɗaya.

Ana nan sai wani ƙari ya fito mini kamar ƙwayar gujiya, a wuyan hannu ta ciki, daidai gindin babban yatsa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. In na danna shi sai ya sulluɓe ƙarƙashin fata, da taushi kamar ƙullu. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ya kai goro. Na shafa masa duk abin da nake ba mutane su shafa. Wata rana da hantsi, gida ba kowa, na yi masa tsaga da hannun hagu na kafa ƙaho, jini kaɗai ya fito, ƙarin na nan yana kallona. Daga nan na koma sa riguna masu dogon hannu ko ana zafin bazara. Abin da nake tsoro ban faɗa wa kowa ba. Ina yaro na ga wani ƙanen kakana da ƙari ya fito masa a ƙafa, aka ce daji ne, aka yanke ƙafar, bai kuma daɗe ba. Duk lokacin da na taɓa nawa, shi nake gani. Da ya kai girman ƙwan zabo sai yatsu uku suka fara sagewa, babba da manuni da na tsakiya, kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Su ne kuwa yatsun da wanzami ke ci da su.

Asirina ya tonu a Wurogauri, a sunan wasu tagwaye. Gidan nawa ne, ni na aske uban yaran ranar sunansa, amma da yake kai biyu ne na ce Bawa ya raka ni mu gama kafin rana ta yi zafi. Aka raɗa suna, aka yanka raguna, tsohuwar gidan ta miƙo mini Hassan, ta miƙa wa Bawa Husaini. Na jiƙa kan yaron, na ɗora aska, na ja sau biyu. A na uku sai na ga dole in dubi hannuna kafin in san ko askar na cikinsa. Ban ji ta ba sam. Ga maɗigar yaro tana bugawa ƙarƙashin bakin ƙarfe, ga hannun da ba ya gaya mini nauyin da ya sa. Ban taɓa yanka ɗan kowa ba, kuma na san in na ci gaba don kunyar mata, yau ce ranar.

Na ce, "Bawa, in ka gama zo ka ƙarasa wannan."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannun, bai tambaye ni komai ba. Ya juya ga matan da ke tsaye yana dariya.

Ya ce, "Dama na gaya mishi tagwaye ba su son a raba musu hannu. Ku ba ni shi nan, kada gobe Hassan ya ce an fi yi wa ɗan'uwanshi kyau."

Matan suka yi dariya, aka wuce wurin. A hanyar dawowa, ina bayansa a kan babur, ya tsaya a inuwar wata tsamiya ya kashe inji, ya ce in naɗe hannun rigata. Na naɗe. Ya daɗe yana latsa ƙarin da yatsansa, irin latsawar wanda ya san jiki.

Ya ce, "Wanga ba namu ba ne, Na Gwandu. Ƙaho bai fid da shi. Tun yaushe?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai ya tada babur, muka kama hanyar gida. Ranar ce kaɗai na san Bawa ya yi tafiya mai nisa bai yi mini tsiya ba.

Da na zauna zan yi wa Kulu bayani, ina ta kewaye-kewaye, sai ta katse ni tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, ni fa ke zuba maka ruwan wanke hannu. Na gan shi tun yana ƙarami. Jira nake ka gaji da ɓoyo. Jibi za ku asibiti kai da Bawa, na riga na aika gidansu."

Muka tafi Birnin Kebbi. Likitan da ya fara duba ni ya tura ni ɗaukar hoto, suka shafa mini wani mai mai sanyi suka yi ta goga na'ura a wurin. Da muka koma ya yi bayani mai tsawo, Bawa na gyaɗa kai. Daga baya na ji cewa ya faɗi abubuwa masu daɗi, cewa ga dukkan alamu kitse ne kawai ya taru yake danne jijiya. Ni kalma ɗaya ta shiga kunnena, cewa sai an yanka. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, ni dai ranar na tabbatar ba don ado suka faɗa ba. Mutumin da ya yi wa yara kaciya ba adadi, ya tsaga bayan manya ya kafa ƙaho, sai ga shi yana tsoron wuƙa. Aka ce mu jira likitan tiyata a kan benci. Na cire hula na ajiye kusa da Bawa, na ce zan yi alwala. Na fita ƙofar asibiti, na hau ɗan acaɓa zuwa tasha, na shiga motar Gwandu, na kashe waya. Bawa ya zauna gadin hular nan har la'asar.

Gidan Yaya Ige na sauka, babbar yayarmu, wadda ta goye ni. Ku da kuka san ta kun san ba a yi mata musu. Ta kama hannun ta jujjuya shi, ta sa na ba ta labari tun daga farko, na ba ta, amma na fara daga Wurogauri, ban ce mata ƙarin ya shekara da shekaru ba.

Ta ce, "Wa ya karɓi askar a hannunka?"

Na ce, "Bawa."

Ta ce, "Wa ke zuwa gidajenka yanzu da kake nan zaune?"

Na ce, "Bawa ne."

Ta ce, "To mi kake nema a asibiti, Sanda? Wanga ai jifa ne, hannu anka sa maka."

Nan ne laifina yake, kuma ina son ku gane shi da kyau. Na san ba haka ba ne. Kalma ɗaya ta isa ta kashe maganar a tsakar gidan nan. Amma jifa ana karya shi da rubutu da turare, ba a yanka mutum, kuma jifa ba daji ba ne. Sai na ji maganarta ta zame mini inuwa, na yi shiru na sunkuyar da kai. Kwana uku ina shan rubutu ana turara mini hannu, ina cin tuwon Yaya Ige da man shanu kamar ba abin da ya dame ni. A cikin kwana ukun nan maganar ta fita daga gidan. Matan da ke shigowa gaishe ni suka ɗauka, wani ɗan'uwanmu mai kai albasa kasuwanni ya sauke ta a Kalgo tare da buhunansa.

A rana ta huɗu kafin azahar na ji sallamar Kulu, a bayanta kuma muryar Bawa daga zaure. Aka yi masa iso don ni ban iya tashi ba, kunya ta riƙe mini ƙafa. Ya durƙusa ya gaida Yaya Ige, ta kau da kai. Ya sake gaishe ta, ta amsa a ciki. Sai ya ciro hulata daga aljihu, a ninke, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Yaya, na ji abin da anka ce. Jiya wata mata ta hana ni taɓa kan ɗanta a Kalgo, garin da anka haife ni. Ban zo wanke kaina ba, Allah Ya san ni. Hannun nan na zo ɗauka, don likita ya ce in an daɗe yatsun na iya mutuwa gaba ɗaya. In ni na jefe shi, ai sai a buɗe kowa ya ga abin da na sa."

Kulu ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini a gaban mutane ba.

Ta ce, "Malam, kai ka san shekarun abin nan. Faɗa mata."

Na faɗa. Na ce ƙarin ya girmi sunan Wurogauri da damina biyar, na ce ni na ɓoye shi, na ce ba don Bawa ba da na yanka ɗan mutane, na ce tsoron wuƙa ne ya kawo ni Gwandu ba komai ba. Ina jin kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Yaya Ige ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta dama fura ta ajiye a gaban Bawa da hannunta. Amma ba ta sauka duka ba.

Ta ce, "Ni ma za ni. Sai na ga abin da za su fiddo da idona."

Haka muka koma mu huɗu, ni a tsakiya kamar ɓarawon da aka kamo. Likitan tiyatar saurayi ne dogo, mai ɗan gemu. Ya karanta takardata, ya dube ni, ya sake duban takardar, sai ya fara murmushi.

Ya ce, "Baba, ba ka gane ni ba ko? Nasiru ne, ɗan Malam Garba na Dangoma. Kai ka yi mana kaciya mu bakwai a zauren kakana. Ka ce in ɗaga kai in ga wani farin tsuntsu, har yau ina nemansa."

Bawa ya yi dariya har da riƙe ciki, Kulu ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na ce masa, ɗana, in akwai sauran haushi a ranka mu sasanta tun yanzu. Ya zauna ya yi mini bayani a hankali, wannan karon kuma na saurara. Ya ce curin kitse ne a cikin 'yar jakarsa, yakan fito wa mutane a baya ko kafaɗa, a hannu ne bai cika fitowa ba. Ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma ba cin man shanu ke kawo shi ba. Da a wani wuri yake da ba ya takura komai, da sai a bar shi. Nawa ya zauna ne a kan jijiyar da ke kai ji ga yatsu, shi ya sa za a fid da shi. Bai ɓoye mini sauran ba. Ya ce za su aika abin a gwada don a tabbatar, kuma jijiyar ta daɗe a danne, ba zai yi mini alkawarin jin zai dawo duka ba. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta kwantar mini da hankali fiye da lallashi.

Ranar aikin ba su sa ni barci ba. Allura suka yi mini hannun ya mutu tun daga kafaɗa, suka kare da ƙyalle don kada in gani. Ina jin motsinsu, ina jin ƙarar ƙarafa, ina ta salati. Can sai na ji muryar Nasiru daga bayan ƙyallen yana cewa, Baba, ɗaga kai ka ga farin tsuntsu. Na yi dariya har ma'aikaciyar da ke kusa da ni ta ce in daina motsi. Da suka gama ya nuno mini shi a cikin wani ɗan kwano, rawaya, sumul, kamar kitsen kaza mai ƙiba. Abin da ya hana ni sukuni shekara biyar ke nan. Na roƙe shi ya nuna wa yayata kafin a tafi da shi, ya sa aka kai mata a kwalba har bakin ƙofa. Kulu ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Yaya Ige ta ɗaga kwalbar ta duba ta sama, ta duba ta ƙasa.

Ta ce, "Wanga ai kitse ne."

Bawa ya ce, "Duba da kyau dai, Yaya, ko allurata na ciki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kama bakin rigarsa ta ce ya yafe mata don Allah. Ya ce shi bai riƙe ta ba, amma furar nan ta Gwandu a ƙara masa.

Bayan mako biyu aka cire zare, sakamakon gwaji kuma ya dawo cewa kitse ne ba wani abu ba. Ranar Kulu ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Sai dai jinya ta fi aikin tsawo. Wata da watanni ina zaune a gida, Kulu ta mai da ni mai tsince mata wake da shinkafa, ta ce likita ya ce a motsa yatsu, ita kuma ba ta ga dalilin da za a motsa su a banza ba. Ranar da na fara jin tsakuwa a tsakanin yatsuna ban duba ba, na ƙwala mata kira ta fito da gudu ta zaci wani abu ne ya same ni. Na koma gwada aska a bayan duma, sannan a ƙaurina. Duk wannan lokaci Bawa na zuwa gidajena, kuma duk abin da aka ba wanzami, nama ko hatsi, sai ya aiko da shi gidanmu, ya ce na mai gidajen ne. Babban yatsa da na tsakiya suka dawo sarai. Kan manunin ne bai dawo duka ba, har yau kamar da ɗan ƙyalle a kansa. Saboda shi na bar kaciya har abada, ba wanda ya sa ni. Na ji zafin barinta, don ita ce aikin da mahaifina ya fi alfahari da hannuna a kai, amma ɗan mutum ba wurin gwaji ba ne.

Ranar kasuwar da na koma rumfata, na share, na shimfiɗa tabarma, na jera asake. Mutane suna zuwa suna yi mini barka, suna leƙen tabon, suna wucewa. Ba wanda ya zauna. Ban ga laifinsu ba, wa zai miƙa wuyansa ga hannun da aka ɗinke? Wajen Bawa ma ba cika kamar da, don maganar jifa ta riga ta yi rassa, wasu har sun ce ya je Gwandu ne ya karya abinsa da ya ga za a gane. Har rana ta take tsaka ina zaune ina wasa askar da ba ta bukatar wasi. Sai na ga Bawa ya sallami wanda ke gabansa, ya ce wa masu jira su yi haƙuri, ya tako ya zauna a tabarmata. Ya tuɓe hula, ya ɗaga haɓa sama.

Ya ce, "Fara da maƙogwaro, Na Gwandu."

Kafin in gama jiƙa masa gemu mutane sun kewaye mu, masu kifi da masu goro, har da waɗanda na san bakinsu ya ɗauki maganar. Na ɗora aska a wuyansa, na ji ta, na ji gashin yana karyewa ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Zuciyata ta cika. Na ga ga taro, ga dama, sai na ɗaga murya na fara cewa, jama'a, mutumin nan da kuke gani, abin da aka faɗa a kansa...

Bawa ya ce ta gefen baki, "Yi shiru ka yi aski. Wa'azi za ka yi da aska a wuyana?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, sai da na janye hannu na jira ta wuce. Na aske gemun, na aske kan tas, ban bar masa ko ƙwarzane ba. Ya shafa haɓarsa, ya shafa ƙeya, ya karɓi madubi ya daɗe yana dubawa kamar mai neman abin da ya ɓata.

Ya ce, "Hannu dai ya warke. Wanzancin ne har yanzu da saura."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya koma rumfarsa, inda mutum huɗu suka riga suka zauna jiransa. Da na juyo, wani mai kifi ya tuɓe hula ya zauna a gabana.